Kujerar Kansila Da Komawata Gida

A gidanmu mutum ɗaya ake ajiyewa a Saudiyya. Haka na tashi na tarar. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya fara zuwa, ya yi gadi har idonsa ya fara rauni, sannan ya nemo mini biza na zo na karɓe shi, ya koma. Wanda ke nan shi ke cike rumbu idan damina ta gaza, shi ke sayen maganin tsofaffi, shi ke riƙe da makarantar yara. Idan ya gaji sai ya jawo na bayansa, ya zauna da shi har ya san gari, ya san halin kafili, wato maigidan da ke riƙe da bizarsa, sannan ya tattara nasa ya tafi. Canji muke kiran abin, kamar yadda masu gadi ke canjin juna a bakin ƙofa.

Zamana ya fi na Kawu tsawo, domin tsakanina da ƙanena namiji mata ne a jere. Na baro shi bai daɗe da shiga firamare ba. Na ce ko me za a rasa a gidan kada a cire shi daga makaranta, saboda ni ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba, shanun huɗa aka damƙa mini tun ina ƙarami. Bai ba ni kunya ba. Ya gama sakandare, ya koyi tuƙi, ya yi aure, ya ja motar haya na 'yan shekaru, har Allah ya sa na samo masa bizar direba a gidan wani dattijo a unguwar Ulaisha. Auta muke kiransa, ko yanzu da ya ajiye gemu.

Ni aikina a Dir'iyya yake. Laka na baro a gida, laka na zo na tarar: ana tayar da tsohon garin da tubalin ƙasa, ana yaɓe da hannu, ni kuma ina cikin masu yaɓen. Aiki ne na durƙusa ka miƙe tun safe har a tashi, kuma gwiwoyina sun daɗe suna ƙorafi. Idan na idar da sallar asuba sai na dafa bango nake iya tashi.

Da Auta ya iso sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na bi da shi a hankali, yadda Kawu ya bi da ni. Na nuna masa inda ake aika saƙo gida ba a cuce ka ba. Na koya masa idan maigida ya ce a bi hagu, a bi hagu, ko da ka san dama ce hanya. Da na ga ya zauna, sai na je wurin mudir, wato manajan kamfaninmu, na ce idan igamata ta ƙare, wato takardar zama, kada a sabunta. Na fara ɗaure kaya ina kai wa masu kago: barguna, da dardumai, da wata babbar tukunya da maiɗakina ta daɗe tana so. Ƙaramar 'yata, wadda ke kirana Baban Waya, aka ce kullum sai ta tambaya ko yau ne.

Har makaranta na shiga saboda komawar nan. A unguwar Utaiƙa, bayan kasuwar kayan lambu, akwai ɗakin da wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasarmu ke tara mu ranar Juma'a bayan la'asar yana koya mana boko. Mu duka masu furfura ne ko masu shirin yi. Ni burina bai wuce in koma ina iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani, in kuma sa hannu da biro maimakon dangwale ba. Na yi nisa daidai gwargwado. Ina karanta Hausa a hankali, ina rubuta ta a hankali fiye da haka.

Ana cikin haka maganar kansila ta taso.

Mazaɓarmu ƙauyuka biyar ce, kansila ɗaya. Tun da daɗewa, bayan wani zaɓe da ya bar mutane ba sa gaisawa a kasuwa, dattawan ƙauyukan suka zauna suka yi alkawarin kujerar za ta riƙa zagayawa, wannan karo nan, na gaba can. Ba a rubuce yake ba, amma ba a taɓa karya shi ba, har jam'iyya ma bi take yi. Garin da ke da kansila shi ke ganin taki kafin shuka, shi ake tunawa idan burtsatse ta lalace. Garin da zagaye ya zo masa bai fitar da mutum ba kuwa, sai a wuce shi, ya jira a sake kewayowa.

Kawu ya kira ni wata Juma'a da hantsi, ina wanki a bayan ɗaki.

"Kujera ta faɗo garinmu, ɗana," ya ce bayan gaisuwa. "Dattawa sun zauna, kuma gidanku aka nuna."

Na ajiye rigar da nake matsewa. Wallahi daɗi na ji. "Alhamdu lillahi, Kawu. Ai ga ni nan tafe, kayana ma sun riga ni."



"Ba kai ba," ya ce. "Auta."

"Auta kuma? Auta ai canjina ne."

"Ni za ka gaya wa canji? A hannuna ka karɓa. Ba ni na ƙi ka ba, ba kuma dattawa ba. Da son samu ne kai za a ba, kowa ya san haƙurinka. Amma an ce sai mai takardar sakandare."

Na tambaye shi ko duk garin babu mai takarda sai Auta. Ya bi mini su ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta yana da ita, amma sai ya ajiye aikin gwamnati kafin ya tsaya, ya ce shi ba zai saki fanshonsa saboda kujerar 'yan shekaru ba. Samarin da suka gama kwanan nan shekarunsu ba su kai ba. Akwai wani a unguwar gabas, amma mutanen yamma sun ce gara a wuce mu da a ba gidansu, saboda tsohuwar rigimar fadama. Gidanmu ne kaɗai kowane ɓangare ke shiga ya ci abinci.

"Bakinka muke jira," in ji Kawu. "Yaron nan ba zai ɗaga ƙafa ba sai ka ce."

Na ce a ba ni lokaci in yi tunani. Ya ce in yi shi da sauri, jam'iyya ba ta da irin haƙurina.

Da na dawo daga makaranta ranar na tarar da Auta a ɗakinmu, ya kawo ragowar shinkafar kabsa daga gidan maigidansa kamar yadda ya saba. Abokansa na gida sun riga sun kira shi, na gani a fuskarsa. Muka ci muna hirar zafi. Sai da ya wanke hannu ya ce, bai kalle ni ba, "Yaya, duk abin da ka ce shi ne."

Na san abin da yake so. Ɗakinsa a Ulaisha wani akurki ne a jikin gareji, kuma yini yake yi a mota yana jiran matan gidan su gama sayayya. Ya baro matarsa da jariri. Tun zuwansa bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma duk ranar da aka turo masa hoton ɗan sai ya kasa gama abinci. Na ce masa zan bincika. Ni a lokacin ban ma san me kansila ke yi ba, balle in san a kan me zan ba da shi.

A kasuwar Utaiƙa akwai wani mutumin jiharmu da ke sauke kwalayen tumatir daga manyan motoci. Kowa Onarabul ke ce masa, har 'yan Yaman masu rumfa. Na daɗe ina zaton tsokana ce, ashe da gaske ya yi kansila a ƙaramar hukumarsu kafin ya zo. Na same shi lokacin hutunsu, na saya mana shayi, muka zauna a inuwar mota. Tare da shi akwai abokin aikinsa, wani Bagobiri ɗan wajen Maraɗi, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Ka zo wurin gwamnati da kanta," in ji Bagobirin. "Ranka ya daɗe, a gyara zama, talakawa sun kawo kuka. Kada dai a zauna a kan tumatir ɗin mutane."

"Rabu da wannan, ko shugabancin ɗakinsu bai taɓa ci ba," in ji Onarabul. "Me ke tafe da kai, Malam?"

Na gaya masa komai. Ya saurara yana juya kofi a hannunsa.

"A takarda," ya ce, "kansila babban mutum ne. Kowace mazaɓa ta turo ɗaya, ku haɗu ku zama majalisar ƙaramar hukuma. Ku ke yin dokar kasuwa da ta tasha da ta shara. Ciyaman ya kawo kasafin shekara, ku duba, ku ce wannan ya wuce, wannan bai wuce ba. Idan ya ce ya gina aji, kuna da ikon ku je ku ga ko akwai ajin. Kukan mutanenka kuma kai ke ɗauka ka kai zaure. Aikin ke nan."

"To ai aiki ne mai kyau."

"Na ce a takarda. A ƙasa kuwa, kafin ka fito sallar asuba mutane sun cika ƙofar gidanka. Wannan matarsa na naƙuda, wannan likkafani, wannan an kama ɗansa, wannan ragon suna. Ba wanda zai tambaye ka dokar shara. Ka je majalisa ka ce a gyara gadar garinku, ciyaman ya ce ba a sako komai daga sama ba, a ce a ɗaga hannu, ka ɗaga. Ka dawo gida a ce ka cinye gada."

"Shi ya sa ya gudo nan ya ɓuya cikin tumatir," in ji Bagobirin.

"Har gonar gado na sayar kafin in sauka," in ji Onarabul. Bai yi dariya ba, Bagobirin ma sai ya koma shan shayinsa.

Na tambaye shi sharuɗɗan tsayawa. Ya riƙa lanƙwasa yatsu: ka zama ɗan ƙasa, shekarunka sun kai, kana da rajistar zaɓe a mazaɓar, jam'iyya ta tsayar da kai, kana da cikakken hankali, kotu ba ta taɓa kama ka da rashin gaskiya ba. Duk wanda ya faɗa sai in ce a raina ina da wannan, ko zan iya samu.

"Sai karatu," ya ce. "Takardar sakandare ko makamanciyarta."

"Ina zuwa makaranta," na ce.

Ya dube ni, ya kawar da kai. "Wani zai zo ya ce ka ari ta ƙaninka a gyara suna. Kada ka yarda. Na ga wanda ya yi haka, abokin hamayya ya kai shi kotu, ya rasa kujerar, garinsu ma ya rasa. Kuma bari in gaya maka abin da kawunka bai faɗa ba. Ba takarda kaɗai ta sa aka nuna gidanku ba. An san kuna da mutum a waje. Kansilan da ba shi da kowa a bayansa, kafin shekara ta zagayo ya zama abin tausayi. In ƙaninka ya hau, kai ne baitulmali."

Har zuwa lokacin ina riƙe da wani tunani: mu koma mu biyu, shi ya yi kansila, ni in yi noma, a rufe canjin nan haka. A inuwar motar nan tunanin ya mutu.

Saura maganar makamanciyarta. Na kwana da ita na tashi da ita har Juma'a. Bayan an tashi daga aji na tsaya ina taya Malam, ɗalibin nan da ke koya mana, naɗe kafet. Na girme shi nesa, Baba yake ce mini. Na tambaye shi ko zai iya rubuta mini shaidar ina karatu a wurinsa.

"Zan rubuta, Baba, kuma gaskiya zan rubuta. Amma ɗakin nan ba shi da hatimi, ba hukumar da ta san da shi. Don Allah muke yi. Makamanciyar da suke nufi takarda ce da hukuma ta sani, kuma za su so mutum ya iya karatu da rubutu da Turanci."

"In na dage fa?"

"In ka koma gida ka shiga ajin manya, ka bi shi daki-daki, ka zauna jarrabawa, za ka samu. Akwai waɗanda suka girme ka sun samu. Amma abin shekaru ne, ba na bana ba ne."

Na yi masa godiya. Bai yi mini ƙarya ba, ko da yake da ya yi da na fi jin daɗin ranar.

Na gwada wata ƙofar. Na ce wa Auta ya roƙi maigidansa hutu mai tsawo, irin na fita da dawowa, ya je ya tsaya, idan bai ci ba ya dawo bakin aikinsa in samu in tafi. Na raka shi domin Larabcina ya fi nasa. Dattijon ya karɓe mu a majalisinsa, ɗakin da yake ganin baƙi, ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya saurare ni har ƙarshe. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce yana da iyali masu zuwa makaranta da asibiti, mota ba za ta zauna wata da watanni tana jiran zaɓen wata ƙasa ba. Ko Auta ya zauna, ko ya ba shi fita ta ƙarshe ya kawo wani. Sannan ya juya ga Auta yana murmushi ya ce idan ya zama minista kada ya manta da shi. Auta ya yi irin dariyar da ake yi wa maigida.

Na kira Kawu na ce a nemo wani a dangi da zai zo ya karɓe ni. Muka bi gidajen. 'Ya'yana manyan mata ne, namijin bai gama firamare ba. 'Ya'yan ƙannena mata na wasu gidaje ne, in sun zo iyayensu za su yi wa aiki. Babu kowa. Kawu ya san babu tun farko, ya dai bar ni na yi ta kiran gidaje har na gaji.

Na yi tunanin in ce a'a. Ina da ikon, ba wanda zai ƙwace shi daga hannuna. Auta ya zauna, ni in hau jirgi. Amma a wane gari zan sauka? Garin da aka wuce saboda ni. Duk shekarar da taki ya makara, sunana za a kira. Duk ranar da burtsatse ta tsaya, maiɗakina ce za ta bi layin rijiya cikin matan da suka san dalili. Mahaifiyarmu ta tsufa, cikin mutanen nan take zaune, su za su ɗauke ta ranar da ta cika. Na kira ta ko za ta faɗi wani abu in riƙe. Ta ce mu duka ita ta haifa, ba za ta zaɓi wanda za ta gani da wanda ba za ta gani ba. Sai ta koma tambayata ko ina cin abinci.

Kwanakin nan ina yaɓe ina magana da bango. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban sami wanda zan yi fushi da shi ba. Dokar ba ta san ni ba balle ta ƙi ni, kuma in za a tambaye ni, ni ma ba zan so wanda ba ya iya karanta kasafi ya ɗaga hannu a kansa ba. Dattawa garinsu suke nema wa. Auta bai roƙi komai ba. Takardar kuma ni na ce a yi ta, da lakar hannuna aka yi ta.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Auta ya rage mini hanya a motar maigidansa. Mun tsaya a danja na ce, "Ka tafi."

"Yaya..."

"Na ce ka tafi. Ka gaya wa Kawu."

"In ka ce in zauna wallahi zan zauna, kuma ba zan taɓa riƙe ka a rai ba."

"Na sani. Danja ta ba ka hannu, kada a cika mu da hon."

Ya ja motar. Ya yi ta share fuska da hannun riga har muka iso. Kafin in sauka na ce masa duk takardar da aka miƙo masa a majalisa ya karanta ta har ƙasa kafin ya ɗaga hannu, tun da saboda karatun aka ɗauke shi aka bar ni. Ban so ƙarshen maganar ya fito ba, amma ya fito. Ya ce, "To, Yaya."

Ranar da aka koma aiki na je ofishin mudir. Abokan aiki sun riga sun yi mini walimar bankwana, har da turare aka ba ni. Na tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hannu.

"Ya Hajj, ba ka tafi ba?"

Na ce ina so a sabunta igamar.

"Jiya halas, ka gama, yau a sabunta. Shekara ɗaya ko biyu?"

Na ce ya sa abin da kamfani ya ga dama. Ya dubi yadda na tsaya, ya tambaya ko ƙafar nan za ta kai. Na ce za ta kai. Ya ce ma fi mushkila, wato ba matsala, dama masu yaɓe ba sa isarsu.

Maiɗakina ban iya gaya mata da bakina ba. Kawu na tura, ya je ya zauna a zaure ya faɗa mata. Da muka yi waya bayan nan ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ta ba ni labarin akuyarta da ta haihu, na ce Allah ya raya.

Auta ya tafi. Katinsa na zaɓe yana nan tun kafin ya zo, jam'iyya ta tsayar da shi, ƙauyukan suka cika alkawari, ya ci. Aka turo mini bidiyon rantsuwa, yana cikin babbar rigar da ta yi masa yawa, yana karantawa da Turanci ba gargada. Na yi ta maimaita kallo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutanen ɗakinmu suka koma kirana Yayan Gwamnati, Bagobirin nan kuma in ya hango ni a kasuwa sai ya ƙame ya sara mini.

Ba a daɗe ba waya ta fara. Auta ba ya roƙo kai tsaye. Sai ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce an kwantar da wance, mijinta tun asuba yana zaune a zaure. Albashinsu wani watan ya zo, wani watan a ce a yi haƙuri. Ya kai maganar burtsatse majalisa, an rubuta, an ce sai kasafi na gaba. Muryarsa ta canza, ta zama ta mutumin da ba ya samun barci. Ina aika abin da ya samu.

Da aka yi ruwan farko a gida maiɗakina ta kira ni. Lokacin hutun azahar ne, ina zaune a inuwa da sauran ma'aikata.

"Malam, an yi ruwan shuka jiya."

"Alhamdu lillahi. Ya jiƙa?"

"Ya jiƙa sosai. Maganar gonar bayan gari ce. Bara ka ce in karɓe ta daga hannun mai aro, bana da hannunka za ka noma. Na karɓa. Har takin gida na sa an kai mata."

Wallahi na manta da wannan maganar. Ita ba ta manta ba.

"Ki mayar masa," na ce, "in ya yarda."

"Ya riga ya kama wata."

"To ki nemi wanda zai noma a raba."

Ina jin kukan kaji a bayanta, da wata tana daka.

"Shekara nawa ake yi a kansilan nan?"

"Wasu sun ce biyu, wasu sun ce uku. Wani lokaci kuma a rushe su ba su gama ba."

"In ya sauka zai dawo ya karɓe ka?"

Na so in ce e. Amma sai an sake neman biza daga farko, kuma ban san ko mutumin da aka saba tashi a gaishe shi zai iya komawa tuƙa matan wani ba. Ban san ko ni ma zan iya buɗe baki in ce ya zo ba.

"Ban sani ba," na ce.

"To," ta ce. "Allah ya kai mu."

"Amin."

Ta ce in gaida mutanen ɗaki. Na ce za su ji.